Wutar da Na Gada Daga Maman

Ku yi haƙuri da ni yau idan kuka ga maganata tana tsalle daga nan zuwa can. Tun ranar Talata zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. Na share falo na sake sharewa, na wanke labulen da bai yi datti ba, a shago kuwa na rage wa wata tsohuwa gashi na manta gefe guda, sai da ta nuna mini a madubi. Ni Éloïse, da ake cewa hannuna ba ya kuskure!

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni mai gyaran gashi ce a garin Dolbeau, kusa da babban tafki, shekarata ashirin da bakwai, daga ni sai Maman, wato mahaifiyata, a gida. Cédric Larouche, mai gonar bleuet, wasu ƙananan 'ya'yan itace shuɗaye, a bayan gari, shi ya sa mini zobe a farkon bazara. Lahadin nan da zan ba ku labarinta ita ce ranar da aka ce mu je gidan iyayensa mu ci abinci a sa ranar biki.

Da safe ina kicin ina shafa wa Maman rini a ka. Ta cire na'urar ƙara ji daga kunnenta ta ajiye kusa da kwanon sukari, na lulluɓe mata kafaɗa da tsohon tawul mai hoton kifi. Shekararta hamsin da biyu, amma wanda bai san ta ba sai ya ce kakata ce. 'Yar ƙarama da ita, kafaɗun sun rankwafa, gashin ya yi fari fat tun ina makarantar sakandare. Daga ɗaki zuwa kicin sai ta dafa bango ta huta.

Wayata ta yi ƙara a kan firji. Saƙon Cédric ne.

"Sarauniyar barci, kin tashi? Tun jiya burodin naman nan, tourtière, ke cikin murhu. Mamana ta ce idan kuka makara da tarakta za ta zo ta kwaso ku."

Na karanta, na kife wayar. Ta sake yin ƙara.

"Ki sa rigar nan ruwan ƙwai. Ina so Papa ya ga abin da ya hana ni aiki duk bazarar nan."

Da a ce makon jiya ne, da na yi ta murmushi ni kaɗai kamar wata sabuwar kamu. Yau sai na sake kife wayar.

Bari in koma Talatar, don ku gane. Na kai Maman asibiti a Chicoutimi karɓar sakamakon gwaje-gwajen da aka daɗe ana yi mata, ni ma an karɓi fitsarina a zuwanmu na baya. Mu dai abin da muka sani shi ne tana da ciwon sukari, kunnenta ya mutu da wuri, zuciyarta kuma ta fara kumbura. Kowanne da likitansa, kowanne da maganinsa. Sai wannan likitar, wata doguwa mai sanyin murya, ta ce mana duk ciwo ɗaya ne.

Ta ce a cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira mitochondria. Su ne murhun jiki, su ke ƙona abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa su mayar mana da shi ƙarfi. Na kowa suna yin rauni idan shekaru suka tura, shi ya sa tsoho ke haki a kan matakala. Na Maman kuwa, da yawansu da tangarɗa aka haife ta da su. Sassan jikin da suka fi cin wuta su suka fara kuka: kunne, zuciya, tsoka, da wurin da ke daidaita sukari. Wato tsufan da muke gani a jikinta, tsufa ne da ya yi sammako.

To sunan mitochondria ba baƙo ba ne a kunnen ɗan yankin tafkin nan. Nan take na yi ajiyar zuciya, har da 'yar dariyata.

"Ai ni na yi gwajin," na ce mata. "Bara na yi. Ba ni ɗauke da komai."

Ta cire tabarau ta kalle ni. Wallahi tun daga kallon na san an zo wurin.

"Gwajin goga auduga a kumatu kike nufi, na cututtukan gadon nan huɗu?"

"Shi."

"Wancan daban. Wancan sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi kafin ya kama yaro. Wannan babu ruwansa da uba. Murhun nan daga ƙwan uwa kaɗai yaro ke samunsu. Kakarki ta ba mamanki, mamanki ta ba ki. Mun gan shi a jikinki, Éloïse."

Na ce to 'ya'yana fa? Ta ce kowanne zai iya ɗauka. Kamar a cakuɗa wake mai kyau da mai ƙwari a buhu ɗaya, kowane ƙwai ya sa hannu ya ɗibi rabonsa. Wani ya ɗebo masu kyau kusan duka, ya tsufa lafiya. Wani ya ɗebo kamar Maman. Wani kuma ya fi Maman, tun yana ƙarami abin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ta yi maganar hanyoyin da ake bi, a duba ƙwai kafin a dasa, ko a karɓi na wata mace. Ina jin ta kamar daga cikin rijiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a yankinmu kowa gwanin lissafin dangi ne. Ka faɗi sunan gidanku a ba ka labarin kakanka na bakwai. Amma duk ta sunan uba muke bi. Kakata Boily ce, Maman Perron, ni Brassard. Mata uku, suna uku, ciwo ɗaya yana bin mu a hankali, babu wanda ya taɓa jera mu a layi guda.

Ina cikin wanke wa Maman kai Matante Réjeanne ta banko ƙofa da faranti a hannu. Ƙanwar Maman ce, ciki ɗaya, amma ita katafariya ce, ja-jawur, mai 'ya'ya biyar, har yau ita ke sare itacenta na hunturu. Ta ci ado da riga mai manyan furanni da 'yan kunne kamar murfin kwalba.

"Amarya! Wannan fuska fa? Biki za mu sa ko jana'iza?"

"Matante, yau zan faɗa wa Cédric."

Ta dire farantin. Ta ɗauki na'urar kunnen Maman ta cusa mata da kanta, ruwa na ɗiga.

"Guylaine, ji 'yarki. Wai yau za ta faɗa masa."

Maman ta ɗago kai a hankali. "Mun gama wannan maganar, 'yar nan."

"Ke kika gama, Maman. Ni ban gama ba."

"Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba," in ji Matante. "Kalle ni da kyau. Uwarmu ɗaya da ita. Me ya same ni? 'Ya'yana biyar, kowanne ya isa ya ɗaga mota. Likitoci in ba su tsorata mutum ba abinci ba ya musu daɗi."

"Ke kika ɗebo masu kyau, Matante. Maman fa?"

"To ke ma ki ɗebo masu kyau mana! Sun ce a yi gwaji, kin yi. Sun ce lafiya, lafiya. Wa ya tambaye ki wani abu bayan wannan? Baki shi ke yanka wuya, yarinya."

Nan fa gizo ke saƙar. Cédric yana da ƙane, Jérémie, wanda ciwon gado na yankinmu, ɗaya daga cikin huɗun nan, ya kashe yana ɗan shekara huɗu. Zazzaɓi kawai ya yi, jininsa ya yi tsami, kafin a yi wani abu ya tafi. Cédric yana ɗan shekara goma sha ɗaya, kuma shi ke riƙe da hannun yaron a bayan mota. Da ya girma ya goga audugar nan a kumatu ya aika, aka ce yana ɗauke da irin ciwon. Kafin ni akwai wata Maude, sun yi shekaru tare har sun fara neman gida. Ita ma aka ce tana ɗauke da shi. Suka rabu suna kuka, kowa a gari ya san labarin. Shi ya sa tun ba mu yi nisa ba mahaifiyarsa, Huguette, ta aiko shi da maganar gwaji. Ranar da nawa ya fito babu komai, matar nan ta kira duk danginta har na Montréal. Ta rungume ni a tsakiyar kanti tana cewa, "Ke ce addu'ata." Tun daga ranar take saƙa 'yan safa.

To ku gaya mini, da wane bakin zan ce mata addu'ar tata da rami a ciki?

Maman ta kama hannuna. Tafinta sanyi ƙalau, ko a tsakiyar Agusta.

"Éloïse, ba don mugunta nake hana ki ba. Ubanki da ya ga na fara zama kaya, tafiya ya yi. Ban so ki zauna ke kaɗai kina jinyata, in na mutu ki waiga babu kowa. Ki bari a ɗaura. In an zama ɗaya, sai ki faɗa masa a hankali."

"In ya ce na yaudare shi fa?"

"Ya ce ɗin. Yana gidan dai."

Na so in yi mata tsawa, na kuma so in faɗa jikinta in yi kuka. Ban yi ko ɗaya ba. Na kunna na'urar busar da gashi don kada in ƙara jin komai.

Na sa rigar ruwan ƙwan. Na cire. Na sa shuɗiya, na ga kamar mai zuwa neman aiki, na sake mayar da ruwan ƙwan. Na ɗaure gashina sama, na sa takalmi mara tudu saboda ƙasar gona. Na ɓata jan baki sau biyu. A madubi na tsaya ina leƙen gefen kaina, ina neman farin gashi. Na samu guda biyu. Da can da na tuge su na wuce, yau sai na tsaya ina kallonsu kamar sun zo da saƙo.

A mota Matante ce ke ta zuba, daga tsadar man fetur zuwa surukarta mai ƙona miya. Maman ta yi barci tun kafin mu fita gari. Ni kuwa ina tuƙi ina tsara magana. In fara da Maman? In fara da cewa ina son shi? In bari sai an ci abinci? Saƙo ya shigo, Matante ta fizge wayar ta karanta da ƙarfi.

"Wai, 'Na hango ƙurarku ko ta wasu ce? Zuciyata ta fita bakin titi tana jira.' Kai, yaron nan ya mutu a kanki! Ki kashe wannan da bakinki, Allah sai ya tambaye ki."

Gidan Larouche fari ne mai jan rufi, gonar ta kewaye shi shuɗi har iyakar gani. Huguette ta fito da gudu tana goge hannu a jikin ƙyallen girkinta. Ta sumbace ni kumatu biyu, ta riƙe ni nesa tana dubawa.

"Kin rame. Cédric, ba ka ciyar da ita ne? Nan da baɗi ina so in ga kin cika kujera, ke da abin da ke cikinki."

Aka yi dariya. Matante ta fi kowa. An shimfiɗa farin ƙyalle a dogon tebur, an fito da farantan da ba a taɓawa sai Kirsimeti. A kan kabad ga hoton Jérémie da hular hunturu, an sa masa 'yan furanni sababbi a kofi. Na kalle shi sau ɗaya na kau da kai.

Cédric ya shigo ta ƙofar baya, ya sa farar riga da na san jiya ya saye ta, don layin ninkin yana nan. Yatsunsa shuɗi da ruwan bleuet, sabulu ya kasa fitarwa. Ya tsaya yana kallona yana murmushi kamar wawa. Wayyo ni, ina son mutumin nan. Ina son shi har ina jin haushin kaina.

"Zo ka nuna mini sabon injin da kake ta cika mini kunne da shi," na ce.

"Yanzu? Abinci fa?"

"Yanzu."

Maman ta bi ni da ido. Matante ta yi gyaran murya har sau biyu. Ban waiga ba.

Rumfar tace 'ya'yan itacen tana bayan gida, akwatuna jere har sama, ƙamshi mai zaƙi ya cika ta. Ya fara yi mini bayanin yadda iska ke hure ganye, na ce ya tsaya. Na zauna a kan akwati, na tashi, na sake zama. Duk maganar da na tsara a mota ta gudu. Sai kawai na fara daga likita mai tabarau, na bi da shi har buhun wake. Ban kalle shi ba sai da na kai ƙarshe.

Ya yi dariya, irin wadda na yi a asibiti.

"Haba Élo, kin tsorata ni. Ai mun yi gwajin. Ke ba ki da shi."

"Ba shi ba ne, Cédric. Wannan audugar ba ta ganinsa. Ko da wa na aura, daga ni zai fito."

Dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya jingina da injin.

"Kowane yaro?"

"Kowanne zai iya ɗauka."

"Kashi nawa cikin ɗari? Da ni da Maude an ce mana ɗaya cikin huɗu. Wannan fa?"

"Babu wanda ya sani. Akwai hanyoyi, ta ce ana iya duba ƙwai, ana iya..."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Wani ƙuda yana ta zagaya akwatin da ke kusa da ƙafata, ni kuma ina ta murza zoben a yatsana, ina jiran ya ce in ba shi abinsa. Na riga na shirya wa wannan. Na shirya ya yi faɗa, na shirya ya ce tun yaushe na sani, har amsar na tanada.

"Ke fa?" ya ce.

"Ni me?"

"Ke. Yaushe zai fara miki?"

Jama'a, kun san tun Talata ban yi wa kaina wannan tambayar ba? Na yi tunanin jariran da ba a haifa ba, na yi tunanin Huguette da safarta, na yi tunanin zobe. Ban taɓa tsayawa na ce Éloïse, matar nan mai dafa bango ke ce nan gaba ba. Gajiyar da nake ji da yamma a shago, da na ɗora wa tsayuwa. Yadda nake ƙara murya a talabijin. Duk suka taso mini lokaci guda.

"Ban sani ba," na ce. "Wataƙila ba zai fara ba. Wataƙila ya riga ya fara."

Ya durƙusa ya rungume ni da ƙarfi har haƙarƙarina ya yi zafi. Na jiƙa masa sabuwar rigar da hawaye da jan baki. Ina jin zuciyarsa tana bugawa a kunnena, na ce a raina shi ke nan, Maman ba ta san shi ba, Matante ba ta san shi ba, nawa daban ne.

Sai ya yi magana a cikin gashina, muryar ba tasa ba.

"Hannun Jérémie ya yi sanyi a cikin nawa, Élo. Ban sake shi ba har asibiti, don kada Mamana ta gane daga gaban mota. Na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara zama ina kallon wani yana ƙarewa ba. Saboda haka na bar Maude." Ya ja numfashi. "Ina son ki fiye da yadda na so ta. Shi ne abin da ke ba ni tsoro."

"To me kake nufi?"

Daga gida aka fara kaɗa ƙararrawar kiran ma'aikata, Huguette tana ƙwala kira: "Masoya! Abinci zai huce, kuna da sauran rayuwa gaba ɗaya ku yi hira!"

Ya miƙe. Ya goge fuskarsa da bayan hannu, ya goge tawa da babban yatsa, ya bar mini shuɗin tabo a kumatu ban sani ba sai daga baya. Muka fito. Yana gaba ina baya, tsakanin layukan gonar, rana tana dukan kaina. Na kira sunansa sau ɗaya. Ya rage sauri har na iso shi, amma bai kama hannuna ba, ni ma na kasa kama nasa.

Ya buɗe ƙofa ya riƙe mini. Kowa ya zauna. An yanka tourtière, tururi na tashi. Maman ta kalli fuskata, ta kalli rigarsa, ta sauke kai kan farantinta. Matante ta buɗe baki, karon farko a rayuwarta ta rufe ba ta ce komai ba. Huguette kaɗai ce ba ta ga komai ba. Tana tsaye a bakin tebur da kofin giya a hannu, fuskarta kamar an kunna fitila.

"To, mun gaji da jira," ta ce. "Ku faɗa mana, wace rana ce?"

Cédric ya ja mini kujera na zauna. Shi bai zauna ba. Ya zagaya teburin har inda take, ya karɓi kofin daga hannunta a hankali ya ajiye.

"Maman," ya ce, "zauna tukuna."